Wa Ke Riƙe da Lissafinmu? Waiwaye a Kan Binciken Lafiya a Karkarar Kudancin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya baro Kano ya biyo hanyar Zariya, ya karya ta Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, ya keta dajin Falgore zuwa ƙasar Doguwa, ba zai rasa ganin ƙananan asibitoci a bakin hanya ba. Idan ya tsaya ya leƙa cikin ɗaya daga cikinsu, zai tarar da tebur, a kan teburin kuma akwai wasu faffaɗan littattafai: na masu awon ciki, na allurar riga-kafi, na haihuwa, da na marasa lafiya da suka zo karɓar magani. Kullum sai malamin asibiti ya cika su. Idan wata ya ƙare sai ya tattara jimla ya zuba a fom, fom ya tafi ƙaramar hukuma, daga nan lissafin ya wuce Kano, ya wuce Abuja.

Tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce, shi wannan malamin da ya cika littafin, an taɓa koya masa ya zauna ya karanta abin da hannunsa ya rubuta? An taɓa dawo masa da labarin abin da aka gano a ciki? Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Don haka za mu waiwayi kusan shekara 90 na binciken lafiya a ƙasarmu ta Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa da maƙwabtanta, domin mai karatu ya ga wane ne ke yin tambaya, wane ne ke ƙirge, kuma a hannun wa ilimin yake kwana.

Zamanin Ciwon Barci

Farkon babban binciken lafiya da ya ratsa dazuzzukan wannan yanki shi ne na ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. A shekarun 1930 cutar ta yi ƙamari a ƙasar Zazzau da wasu sassan Arewa, har gwamnatin Turawa ta kafa ma'aikata ta musamman dominta ƙarƙashin Dokta Lester, aka kuma yi mata doka a 1937. Yadda ake aikin shi ne, hakimi ya ba dagaci umarni, dagaci ya tara jama'a a gindin bishiya, ma'aikata su bi su ɗaya bayan ɗaya suna lalubar wuya. Wanda aka ji kaluluwarsa ta kumbura sai a tsaga ta da allura a ɗebi ruwa a duba a madubin likita.

A Anchau, wadda ba ta da nisa daga iyakar Tudun Wada, aka yi aikin da ya fi shahara. An sassabe bakin rafuka inda ƙudan ke fakewa, an haƙa rijiyoyi, an tashi ƙauyuka an sake musu matsuguni, har aka gina sabon gari aka raɗa masa suna Takalafiya. Wani masanin ƙwari mai suna Nash ya rubuta rahoton aikin a 1948, kuma daga baya aka kafa cibiyar binciken cutar a Kaduna da Vom.

Babu shakka an rage cutar ƙwarai. To amma mu duba yadda aka raba aikin. Hannun da ya lalubi wuya na ɗan ƙasa ne, idon da ya kwana a kan madubi ma galibi na ɗan ƙasa ne, wanda aka horar da shi a kan wannan aiki guda. Tambaya da fassara da rubuta rahoto kuwa duk na Bature ne. Haka abin yake a ɗakunan shan magani na En'e, haka kuma a Makarantar Tsafta ta Kano da aka buɗe a 1932 don yaye duba-gari: ana koya wa yaro yadda zai yi, ba a koya masa yadda zai tambayi dalili. Talaka kuwa abin da ya fahimta shi ne, bincike umarni ne daga sama, kamar haraji da jangali.

Garki da Malumfashi

Bayan samun mulkin kai, tsohuwar jihar Kano ta karɓi baƙuncin ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro da aka taɓa yi a duniya. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun zauna a ƙasar Garki, wadda yanzu take cikin jihar Jigawa. An fesa maganin sauro a ƙauyuka 164, a wasunsu an haɗa da raba wa kowa da kowa ƙwayar magani, sa'an nan a wasu zaɓaɓɓun ƙauyuka ana ɗibar jinin mutane duk bayan mako 10 ana dubawa. Abin da aka gano shi ne, feshi da magani sun rage cutar sosai, amma ba su katse yaɗuwarta ba, kuma da aka janye hannu sai ta koma gidan jiya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake fita ya huta, don haka feshin bai same shi ba.

An buga littafin wannan aiki a Janeba a 1980, kuma har gobe masana a Turai da Amurka suna amfani da lissafin Garki wajen hasashen yadda zazzaɓi ke yaɗuwa. Samarin da suka bi gida gida suna rubuta haihuwa da mutuwa, da waɗanda suka kwana a ɗakuna suna kama sauro, da waɗanda suka duba dubban gilasan jini, mafi yawansu 'yan ƙasa ne. Da aikin ya ƙare aka naɗe tabarma, kowa ya kama gabansa.

A tsakiyar shekarun 1970 an sake yin makamancin wannan a Malumfashi, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta haɗa gwiwa da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful. An ƙirga jama'a, an bi diddigin tsargiya da zazzaɓi da saran maciji. A dam ɗin Ruwan Sanyi har zama aka yi ana lura da wane ne ke shiga ruwa, da me ya kai shi, da tsawon lokacin da yake ɗauka a ciki, aka ga cewa yara maza masu wanka da iyo su ne cutar ta fi kamawa. A Zariya kuwa, a shekarun nan ne Greenwood da Whittle suka yi fice a binciken sanƙarau, Warrell kuma a kan dafin kububuwa. Wannan karon akwai jami'ar gida a ciki, kuma likitoci 'yan Nijeriya da dama sun sami horo. Duk da haka horon ya tsaya a asibitin koyarwa, bai gangaro ɗakin shan magani na ƙauye ba.

Tiga: Ruwa Ya Zo da Nasa

Mu dawo gida. Tsakanin 1971 da 1974 gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, bayan ta Bagauda. Albarkar wannan ruwa ba ta ɓoyuwa: noman rani, alkama, tumatir, shinkafa, kamun kifi, da ruwan sha na birnin Kano. To amma kwantaccen ruwa da magudanai gidan dodon koɗi ne, shi kuwa dodon koɗi shi ne masaukin tsutsar tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Haka kuma sauro ya sami wurin hayayyafa har da rani.

A Kadawa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar gwaje-gwajen noman rani, inda ake auna irin da ya dace da lokacin shuka da yawan ruwa. Wato an yi wa alkama da tumatir tanadin masu lura da su shekara da shekaru. Manomin da ke tsaye cikin ruwan, da ɗansa mai iyo a magudana, su ba su sami irin wannan zaunannen tanadi ba. Abin da aka saba gani shi ne ɗalibin jami'a ya zo da kwalabe, ya karɓi fitsarin 'yan firamare, ya koma ya rubuta kundinsa, a ba shi digiri, kundin ya hau kanta ya sha ƙura. Mu malaman makaranta mun sha tara wa irin waɗannan baƙi yara a layi, ba safai kuma ake dawowa a gaya mana abin da aka gani ba.

Abin mamaki shi ne, hanyar gano ƙauyen da tsargiya ta yi wa katutu ba ta buƙatar digiri. A farkon shekarun 1990 an gwada a Tanzaniya da wasu ƙasashen Afirka cewa idan malamin makaranta ya tambayi ɗalibansa ko suna ganin jini a fitsari, amsoshin da ya tattara sun isa su nuna makarantun da ya kamata a fara kai wa magani. Takarda ɗaya da malami mai gaskiya, shi ke nan.

Lokacin da Aka Fara Miƙa Alƙalami

Taron Alma-Ata na 1978 shi ne ya kafa aƙidar kiwon lafiya matakin farko, amma a Nijeriya sai zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, abin ya kankama. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don su zama abin koyi, ya haɗa su da jami'o'i da makarantun horar da ma'aikatan lafiya. An sa wa gidaje lamba, an ba iyalai katin lafiya su ajiye a gida, an kuma koya wa ma'aikata su fara da binciken matsalolin gari kafin su tsara aiki. A karon farko ke nan da hukuma ta ce wa ƙaramin ma'aikaci shi ma ya yi tambaya.

A 1990 wani kwamiti na duniya a kan binciken lafiya ya fitar da rahoton cewa kashi 5 cikin 100 kacal na kuɗin binciken lafiya ake kashewa a kan matsalolin ƙasashe masu tasowa, alhali su ke ɗauke da sama da kashi 90 cikin 100 na mace-macen da za a iya kauce musu. Ya ba da shawarar kowace ƙasa ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin lafiyarta don bincike da horar da masu yin sa.

Yaƙi da kurkunu shi ne ya nuna abin da ɗan ƙauye zai iya. Ƙidayar farko ta 1988 ta gano mutum sama da 650,000 masu cutar a Nijeriya. Aka zaɓi mutum guda a kowane ƙauye, aka ba shi littafi, yana rubuta duk wanda kurkunu ya fito masa, yana raba ƙyallen tace ruwa, yana aika rahoto kowane wata. Da wannan lissafi aka san tafkin da za a sa wa magani da garin da za a haƙa wa rijiyar burtsatse. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu. Haka ma makantar bakin kogi, wadda ta shafi garuruwan da ke kusa da rafuka masu gudu: gwajin da Farfesa Adenike Abiose ta jagoranta a ƙauyukan jihar Kaduna ya nuna amfanin maganin Mectizan ga jijiyar ido, daga baya kuma bincike ya tabbatar cewa idan aka bar mutanen gari su zaɓi mai raba musu magani da lokacin rabon, abin ya fi kai wa ga kowa.

Darasin 1996

Tarihin nan yana da tabo. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 suka rasu. An yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata da kuma ingancin takardar izini. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Wannan lamari yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambato lokacin da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda babu mutanen gida da suka san ƙa'idojin bincike, waɗanda za su karanta takarda su ce wannan ya halatta wannan bai halatta ba, to zargi ne zai cike gurbin. Da aka dawo da sarakuna da malamai cikin aikin, aka sa masu ɗori da masu maganin gargajiya da masu kemis suna kai rahoton duk yaron da ƙafarsa ta saki, sai aka ci nasara. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali ta kama a jihar Kano an same shi ne a Sumaila, maƙwabciyar Tudun Wada, a watan Yuli na 2014, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da wannan nau'in ƙwayar.

Duk da haka, a watan Afrilu na 2020 da mace-mace suka yawaita a birnin Kano, masu haƙar kabari ne suka fara ankarar da jama'a, domin su ne masu lissafi a ka. Sai da aka bi gidaje ana tambayar iyalan mamata kafin ministan lafiya ya sanar da adadin 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, ya ce mai yiwuwa rabinsu ko fiye suna da alaƙa da korona. Idan birni mai asibitin koyarwa sai da ya jingina da maƙabarta, to ina ga rugar da ke bayan dutsen Riruwai?

Abin da Ya Rage

Wani zai ce ai bincike sai jami'a da kuɗi. Mu duba Navrongo a arewacin Gana, ƙasa ce ta talakawa manoma kamar tamu. A 1988 aka je can gwajin sinadarin bitamin A. Da aikin ya ƙare ba a naɗe tabarma ba: a 1992 ma'aikatar lafiya ta Gana ta mai da wurin cibiyarta ta dindindin, ta riƙe ma'aikatan da aka horar. A can aka gwada zaunar da nas a cikin ƙauye maimakon a jira mara lafiya ya zo gari, mutuwar yara ta ragu, kuma a 1999 Gana ta mai da tsarin manufar ƙasa baki ɗaya. Bambancin Navrongo da Garki shi ne, ɗaya ta zama gida, ɗaya ta tsaya a zango.

Mu ma ba daga kan komai za mu fara ba. Akwai makarantar horar da ma'aikatan lafiya a Bebeji, ɗalibanta kuma ba sa fita sai sun rubuta kundin bincike. Akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Bayero. Tun 2008 akwai shirin ƙasa na horar da masu bin diddigin annoba tare da jami'o'in Zariya da Ibadan. Akwai kuma littattafan nan da ke kan tebur. Abin da ya rage shi ne a haɗa su.

Alal misali, ma'aikaciyar awon ciki a ƙasar Ƙiru tana iya buɗe littafinta ta ƙirga mata nawa ne suka zo awon farko ba su dawo ba, daga wace unguwa suke, kuma a wane wata abin ya fi yawa. Idan ta ga da damina ne, kuma daga ƙetaren rafi, to ta sami hujjar neman a kai awo can a watannin. Malamin asibiti a Doguwa yana iya rubuta watan da saran maciji ya fi yawa, don a tanadi magani kafin lokacin. Wannan shi ne bincike. Abin da suke buƙata shi ne a koya musu tsara tambaya da ƙirge na gaskiya, a ba su rana guda a wata su zauna a kai, a haɗa su da wani malamin jami'a mai duba musu aiki, a daina yi musu canjin wurin aiki barkatai, sa'an nan a saurari abin da suka gano. Matuƙar shugaba yana tsawata wa wanda ya kawo lissafi mara daɗi, to lissafin ƙarya za a riƙa kawo masa. Daɗin daɗawa, duk baƙon da ya zo bincike a gindaya masa sharaɗi biyu: ya horar da ɗan gida, kuma ya dawo gaban dagaci da jama'a ya faɗi sakamako da harshen da suke ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an ba shi fitila.

Kammalawa

A nan ne muka zo kanmu, mu marubuta. Kusan duk abin da aka gano a kan jinin mutanenmu da ruwansu da 'ya'yansu yana kwance cikin Turanci, a mujallun da manomin Tiga ba zai taɓa gani ba. Mun cika kasuwa da littattafan soyayya, ba laifi ba ne, amma a cikinmu nawa ne suka taɓa zama da likita suka mayar da sakamakon bincike guda zuwa Hausa mai daɗin karatu? Haka kuma tsofaffin malaman asibiti da duba-gari da ungozomomi da masu littafin kurkunu suna nan a garuruwanmu, kullum suna raguwa, kowannensu kuma yana tafiya da tarihin da ba a rubuta ba.

Muna kira ga kowane reshe na ƙungiya ya ɗauki gari guda. A je a gaida tsohon ma'aikaci, a ce masa, "Baba, a ba mu labarin shekarar sanƙarau," a rubuta yadda ya faɗa, da suna da shekara, ba ƙari ba ragi, bayan an nemi yardarsa. Wannan ma bincike ne, kuma shi ne rabonmu a cikin aikin. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu dace. Amin.